Jan ƙwayar jini ba ta da Golji, to wa ke kai wa maleriya kayanta?

Rukayya: Assalamu alaikum malamai da yayyena. Akwai abin da ya tsaya min a rai, ku taimaka. A darasin ƙwayar halitta an koya mana cewa duk furotin da zai fita waje, ko ya zauna a jikin tantanin ƙwaya, dole ya bi ta ER, wato tantanin cikin ƙwaya inda ake ƙera shi, ya ratsa Golji, wurin tantance kaya, sannan 'yan jakunkuna su kai shi inda za shi. A darasin jini kuma an ce jan ƙwayar jini in ta balaga ba ta da nukiliyas, ba ta da ER, ba ta da Golji. Yau kuma aka ce ƙwayar falsifarum, mai kawo maleriya, tana zaune cikin jan ƙwayar jinin, amma tana fito da furotin ɗinta har saman tantani, shi ke sa jinin maƙalewa a jijiyoyi. Ta ina kayan ke bi? Wa ke ɗaukarsu?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Wannan ba za ta fito a jarrabawa ba. Ki riƙe sunayen rufin jakunkunan: COPII gaba, COPI baya, kilatirin daga tantani zuwa ciki, shi ke nan.

Malam Ɗanjuma: Mubarak, tambayar nan ta fi haddar da kake nufi nesa ba kusa ba. Rukayya 'yata, bari in share fage kafin masanan maleriya su shigo. Hanyar da kika ambata, George Palade da abokan aikinsa ne suka bi sawunta a shekarun 1960. Sun ɗauki yankan fankiriyas na dabba suka ba shi amino asid mai alamar rediyeshin na 'yan mintoci, suka wanke, sannan suka riƙa duba inda alamar take lokaci bayan lokaci. Da fari tana ER, an jima ta koma Golji, daga baya ta taru a jakunkunan da ke jiran fita. Ya sami kyautar Nobel a 1974. Sai aka ce to mun ga hanya, amma ta yaya furotin ke sanin cewa shi na wannan hanyar ne? Günter Blobel ya nuna cewa adireshin a jikin furotin ɗin yake, 'yan amino asid ne a farkonsa. Suna leƙowa daga ribosom, injin da ke ƙera furotin, sai a gane su, a ja ribosom ɗin gaba ɗaya zuwa bakin ER, furotin ya ci gaba da ginuwa yana zurarawa ciki, a datse alamar. Nobel ɗinsa a 1999 ne.

Ku je Farin Gada da sassafe ku ga lodin kabeji da karas. Kowane buhu da alamar mai shi da garin da za shi a rubuce a jiki. Direba ba ya kwance buhu, alama yake karantawa. Haka abin yake a ƙwaya. Furotin da mazauninsa ER ne yana da amino asid huɗu a wutsiya, KDEL, in ya ɓata ya faɗa Golji sai a gane shi a mayar da shi cikin jakar COPI. Enzayim da za shi laisosom, wurin narkar da sharar ƙwaya, kuma a Golji ake liƙa masa mannos-6-fosfet.

Dakta Asabe: Haka ne Malam. Akwai ma cutar gado da ake kira I-cell, ba a cika ganinta ba, amma ita ce ta fi fito da maganarka fili. Yaran suna ƙera enzayim ɗin laisosom lafiya lau, abin da ke liƙa musu mannos-6-fosfet ne ya lalace. Sai enzayim ɗin su bi ayarin masu fita waje. Ka auna jinin yaro ka same su jingim, laisosom kuwa ya cika da sharar da ba mai narkar da ita. Yaro ba ya girma, gaɓoɓi su sandare, yawanci ba sa wuce yarinta.

Aminu: Malam, ranka ya daɗe, misalin Farin Gada ya zauna ta wajen alama, amma akwai inda nake tsoron zai ɓatar da ƙannenmu. A can mota tana nan a ƙere, ta zo ta ɗauka ta tafi ta dawo. A ƙwaya babu motar da ke jira. Jakar daga jikin tantanin wurin ake yanko ta. Furotin ɗin rufi, COPII ko COPI ko kilatirin, su ne ke taruwa a wuri ɗaya, su tattaro kayan da suka dace, su lanƙwasa tantanin har ya tsinke ya zama jaka. Sai rufin ya zube. In ta isa inda za ta kuma, ba sauke kaya take ta juya ba, narkewa take cikin tantanin can ta zama ɓangarensa. Shi ya sa dole a sami hanyar dawowa, in ba haka ba ER zai ƙare, Golji ya kumbura.

Malam Ɗanjuma: Na karɓa, Aminu. To amsa mata tambayarta, fagenka ne.

Aminu: Rukayya, amsar a gajarce ita ce falsifarum da kayan aikinta take zuwa, abin da babu kuma ta gina. Ita ma ƙwaya ce mai nukiliyas, tana da ER da Golji nata. Matsalarta ita ce lokacin da ta kutsa cikin jan ƙwayar jini, tantani ya naɗe ta, don haka in ta fitar da furotin ta hanyar da kika sani, ba cikin jan ƙwayar yake faɗawa ba, a ɗan sararin da ke tsakaninta da wannan naɗin yake tsayawa. Saura katanga ɗaya ke nan.

A 2004 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Ostireliya ɗaya a Amurka, suka gano cewa da yawa daga furotin da ke tsallake katangar suna ɗauke da wata alama ta amino asid biyar kusa da farkonsu, ana ce mata PEXEL. Tun a ER na falsifarum wani enzayim, filasmefsin V, yake datse alamar, wannan datsewar ce ke ba furotin izinin wucewa. A jikin naɗin kuma akwai ƙofa da ita falsifarum ta dasa, PTEX, an bayyana ta a 2009. Ƙofar tana warware furotin ɗin ya miƙe, ta zura shi ta rami, ya sake naɗewa a can cikin jan ƙwayar. Ba furotin ɗaya ko biyu ba, ɗaruruwa ne.

Daga nan ne abin ya fi burge ni. Tun da babu Golji a wurin, sai ta kafa wasu shimfiɗaɗɗun jakunkuna a cikin jan ƙwayar, su ne tsagogin Maurer. A nan kaya ke yada zango a tantance su kafin su hau tantani. Furotin mai mannewar da aka faɗa muku, PfEMP1, ta nan yake bi, ya fito ya zauna kan wasu 'yan ƙuraje da aka tayar a saman ƙwayar. Shi kansa ba shi da PEXEL irin wadda aka saba, amma ta ƙofar PTEX ɗin yake wucewa.

Bulus: In sa baki a nan. Tsagogin Maurer ba sai da na'urar miliyoyi ake ganinsu ba. Lokacin da nake ɗakin gwaji na asibiti, kafin in koma ɓangaren dabbobi, in aka yi siririn shafin jini aka rina da Giemsa, ruwan kuma aka daidaita ma'aunin tsaminsa (pH) a 7.2, za ka ga jan ƙwaya mai ɗauke da falsifarum mai siffar zobe da ta fara kauri, a jikinta ga 'yan ɗige-ɗige ja-ja, manya-manya, ba su da yawa, a warwatse. Su ne. In ruwan ya yi tsami ko an yi gaggawar wankewa ba za su fito ba. Georg Maurer da madubi irin namu ya gan su a farkon shekarun 1900. Yawancin masu duba jini suna wuce su, ba su san abin da suke kallo ba.

Rukayya: Ikon Allah. Yaya Aminu, to me ta ƙaru da shi da take duk wannan wahala?

Dakta Asabe: Saifa take gudu, ƙanwata. Jan ƙwayar da falsifarum ta girma a cikinta tana tauri, in ta biyo ta saifa za a tace ta a hallaka ta. Sai ta maƙale a bangon ƙananan jijiyoyi ta ƙi yawo. Shi ya sa a shafin jini zobba kike gani galibi, manyan suna can a maƙale. In a ƙwaƙwalwa suka taru, ga yaro ya sume yana jijjiga. In mai ciki ce, akwai nau'in furotin ɗin da ke kama mabiyiya, kuma 'yar cikin fari ta fi shiga haɗari don jikinta bai taɓa haɗuwa da shi ba. Dalilin Fansidar da muke bayarwa a awo ke nan. Kuma ƙwayar tana da kimanin jin (ƙwayoyin gado) 60 na wannan furotin, tana sauya wanda take nunawa, garkuwar jiki na gane ɗaya ta fito da wani.

Mubarak: Ni dai AS ne, maleriya ba ta kama ni.

Dakta Asabe: Tana kama ka, Mubarak, kar ka yar da gidan sauronka. Abin da AS ke ragewa sosai shi ne mai tsananin, kusan kashi 90 cikin 100 a binciken da aka yi kan yara. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna alaƙar a Gabashin Afirka. Mai SS kuwa maleriya na iya kayar da shi farat ɗaya.

Aminu: Kuma kariyar nan, Anti Dakta, tana komawa kan jigilar da muke magana. A 2011 masu bincike a Heidelberg ta Jamus sun nuna cewa falsifarum tana kwance aktin, wani furotin da ke tokare tantanin jan ƙwayar daga ƙasa, ta sake ƙulla shi ya zama zaruruwa tsakanin tsagogin Maurer da tantani, jakunkuna na bi ta kansu. A jini mai himogilobin S ko C wannan ginin ba ya tsayuwa daidai, tsagogin ma sukan lalace. PfEMP1 kaɗan ke isa sama, mannewa ta yi rauni, saifa ta sami dama. Ni a ganina wannan ne babban bayanin.

Dakta Asabe: Bayani ne mai ƙarfi, amma kar ka ce shi ne babba kai tsaye. An kuma nuna cewa inda iskar oksijin ta yi ƙasa, kamar can cikin ƙananan jijiyoyi, himogilobin S yana daskarewa har a mai AS, girman ƙwayar cutar ya tsaya. Akwai masu kawo batun yadda garkuwar jiki ke saurin koyo a yaran AS. Abu ne da ya yaɗu har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan ke ɗauke da shi, zai yi wuya a ce ta ƙofa ɗaya kawai yake aiki.

Aminu: Ban musa sauran ba. Amma himogilobin C ba ya lauje, kuma shi ma yana ba da kariya, musamman mai CC. Abin da ya haɗa S da C shi ne lalacewar jigilar nan. Shi ya sa nake ba ta fifiko.

Dakta Asabe: Wannan hujja ce, zan sake dubawa. Amma ga ɗalibai, ku rubuta cewa hanyoyin da yawa ne.

Mubarak: Ku gafarce ni, ba raini ba ne. Duk sunayen da aka jero daga Jamus sai Amurka sai Ostireliya. Mu nan wuta ma sai a hankali. In na gama zan zauna gaban mara lafiya ne in rubuta magani. PTEX me za ta ƙara min a Bukuru ko Mangu?

Sista Ladi: Mubarak ƙanena, ina aikin dare ne amma bari in ba ka amsa da abin da na gani da idona. An taɓa kawo mana jariri ɗan kwanaki, haihuwar gida, an yanke cibiya da tsohuwar reza an shafa mata abin gargajiya. Uwar ta ce ya kama nono lafiya kwanakin farko, sai ya daina. Bakinsa a tsuke, ba ya buɗuwa ko da ɗan yatsa. Muka sa shi a ɗaki mai duhu, muka rufe tagogi, abinci ta robar hanci. In wani ya turo ƙofa da ƙarfi sai ka ga jaririn ya banƙare, bayansa ya tashi daga katifa, hannuwa a dunƙule, fuska ta yi shuɗi-shuɗi har sai abin ya sake shi. Sarƙe-haƙora ce, mun ba shi maganin karya gubar cutar tun ranar farko. Kakarsa ta riƙe hannuna tana cewa, 'yar nan, kun yi masa allurar, me ya sa bai daina ba? Wanda bai san inda gubar ta shiga ba, me zai ce mata?

Malam Ɗanjuma: Allah ya saka miki, Sista. Mubarak, saurara. Jaka in ta iso, ba haka kawai take haɗewa da tantani ba. Akwai furotin a jikinta, akwai abokansa a jikin tantanin, ana ce musu SNARE. Sukan murɗe da juna tam har su jawo tantanin biyu su haɗe. James Rothman ne ya fito da wannan a 1993. Kafin nan Randy Schekman ya bi ta yis, wannan dai na burodi. Ya samo yis masu lahani waɗanda ke rayuwa lafiya a ɗan sanyi, amma in an kai su digiri 37 sai jakunkuna su cunkushe a cikinsu ba fita. Da haka shi da ɗalibinsa Peter Novick suka jero jin 23 a 1980. Da aka gwama sai aka ga wasu furotin na yis da na dabbobi abu ɗaya ne. Thomas Südhof kuma ya nuna yadda kalsiyam ke ba jakunkunan bakin jijiya umarnin fashewa cikin abin da bai kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. Su ukun suka raba Nobel a 2013.

Gubar sarƙe-haƙora almakashi ce ta SNARE. Tana shiga ta bakin jijiya a wajen ciwon, ta hau jigilar da ke komawa baya cikin jijiyar har laka. A can ta tsallaka cikin jijiyoyin da aikinsu shi ne su ce wa tsoka ta saki, ta datse musu sinaftobirebin, ɗaya daga cikin furotin na SNARE. Jakunkunansu cike suke da saƙon, ba damar fitarwa. Tsoka sai ta yi ta ɗaurewa ba mai tsawata mata.

Sista Ladi: To ka ji. Allurar da muke yi gubar da ke yawo a jini kawai take kamawa. Wadda ta riga ta shige jijiya ta fi ƙarfinta, sai jiki ya ƙera sabon furotin, abin kuwa makonni ne. Da na fahimci haka na san abin da zan faɗa wa dangi, na kuma san dalilin da ya sa ba a sakaci da jinya ko da kwana goma sun wuce ba sauƙi. Kuma in ina yi wa masu ciki bayanin allurar rigakafi da man kulohezidin na cibiya, da yaƙini nake yi.

Mubarak: Jaririn ya tashi, Anti?

Sista Ladi: Ya tashi, da ikon Allah. Ba duka ke tashi ba.

Dakta Asabe: Ƙara da kwalara, tun da damina ta kusa. Gubarta tana manne wa ƙwayar hanji, a haɗiye ta, ta bi hanyar baya ta Golji har ER. A wutsiyarta akwai KDEL ɗin nan da Malam ya ambata, yana taimaka mata a ɗauke ta a matsayin 'yar gida. Daga ER ta sulale cikin ƙwayar ta bar ƙofar kulorayid a buɗe, ruwa ya bi gishiri ya yi ta zuba. Ƙofar da ke shigo da sodiyam tare da gulukos kuwa ba ta taɓa ta ba, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai. Ciwon sukari ma haka: insulin a jakunkuna yake jira a fankiriyas, kuma in ya isa tsoka, aikinsa shi ne ya sa jakunkuna masu ɗauke da GLUT4, ƙofar shigo da gulukos, su hau tantani. Motsa jiki ma na fito da su ta wata hanyar daban, dalilin da muke matsa wa masu sukari su riƙa tattaki.

Rukayya: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya. A littafinmu an zana Golji a tsaye, jakunkuna na ɗaukar kaya daga wannan faifai zuwa na gaba. Wani bidiyo kuma ya ce faifan ne da kansu ke matsawa. Wanne zan rubuta?

Aminu: Na biyun. Furokolajin, wani dogon furotin da ƙwaya ke fitarwa, tsawonsa ya kai nanomita 300, jakar COPI kuwa ba ta kai 100 ba, ta ina zai shiga? An nuna a 1998 cewa yana ratsa Golji ba tare da ya bar faifan da yake ciki ba. A 2006 kuma ƙungiyoyi biyu, a Amurka da Jafan, suka ɗauki hoton yis mai rai, aka ga faifai ɗaya yana sauya enzayim ɗinsa daga na farkon Golji zuwa na ƙarshe. Kaya na zaune, faifai na balaga, jakunkunan COPI enzayim suke mayarwa baya.

Malam Ɗanjuma: A hankali dai, Aminu. Golji na yis ɗin burodi a warwatse yake, ba a jere kamar namu ba, don haka ba komai za a kwaso daga can a ɗora wa ɗan Adam ba. Kuma an ga ƙananan furotin da ke ratsa Golji da sauri fiye da manya, abin da balagar faifai ita kaɗai ba ta bayyana shi sosai. Abin da Camillo Golgi ya gani tun 1898 har yau ba a gama jayayya a kansa ba. Rukayya, ki kawo ra'ayoyin biyu, ki ba kowanne hujjarsa, ki ce mafi yawan masana yanzu sun karkata ga balagar faifai. Malamin kirki ba zai rage miki maki ba.

Aminu: In dai ta ambaci furokolajin, na yarda.

Bulus: Kafin a watse, mu na cibiyar binciken dabbobi ta Vom ma muna da namu. Ƙwayar sammore da tsando ke sa wa shanu, da 'yar uwarta mai sa mutum ciwon barci, a fili take yawo cikin jini, ba ta ɓuya cikin wata ƙwaya. Nau'in brucei, wanda aka fi nazari, jikinsa lulluɓe yake da furotin iri ɗaya, VSG, kimanin miliyan 10. Duk shiga da fitar jakunkunanta ta wuri ɗaya ne tak, wani ɗan aljihu a gindin bulalarta. In antibodi, wato makamin garkuwar jiki, ya kama VSG, iyon da take yi gaba ne ke sa ruwa ya share shi zuwa baya, ya faɗa aljihun, kilatirin ya haɗiye, a narkar da antibodin, a mayar da VSG sama. An auna cewa tana iya juya rigar gaba ɗaya cikin kusan minti 12. Ta wannan aljihun ne kuma suramin, tsohon maganin ciwon barci, ke samun shiga cikinta.

Mubarak: Oga Bulus, wannan ana iya gani a madubinku?

Bulus: Aljihun da jakunkunan a'a, sun yi ƙanƙanta. Amma ƙwayar kanta za ka gan ta sarai a ɗanyen ɗigon jini, tana wutsil-wutsil tana ture jajayen ƙwayoyi. In kuna so ku haɗa kanku ku huɗu ko biyar, in nemi izinin shugabana, in an kawo jinin saniyar da ake zargi in sanar da ku. Sai dai ku taso da wuri, motar Bukuru ba ta da tabbas, jinin kuma in ya jima a ajiye ƙwayoyin sukan daina motsi.

Rukayya: A sa sunana, Yaya Bulus.

Mubarak: Ni ma. Ranar Laraba ce kawai muke da gwaji da safe.